Yaushe Yaro Ya Isa Tafiyar Kallo?

 Sharhinmu na yau a kan wata tambaya ce da ba a cika zama a yi shawararta a gidajenmu ba. Yawanci a tsaye ake yanke ta, washegarin Sallah, ana neman takalmin wannan ana shafa wa wancan mai. Tambayar ita ce, shekara nawa ya kamata yaro ya kai kafin a ɗauke shi tafiyar kallo ta farko? Ina nufin tafiyar da ake biyan kuɗin mota da kuɗin ƙofa a kutsa cikin dubban mutane, ko dai zuwa wurin wasan yara na birni mai lilo da dawakin ƙarfe masu kewayawa, ko gidan namun daji na Kano da aka buɗe zamanin Gwamna Audu Bako a farkon shekarun 1970, ko gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Ra'ayina shi ne a jira yaro ya kai shekara shida zuwa bakwai, kuma idan ya kai, kada a ƙara masa jira. Rabin farko na wannan magana zai yi wa iyaye masu ɗoki nauyi, rabi na biyu kuma zai yi wa masu jinkiri nauyi, don haka ina roƙon kowa ya saurara har ƙarshe.

Mu fara da abin da iyaye ke nufi idan suka kashe wannan kuɗi. Magidancin da ya sayar da ƴan tiyoyin wake ko ɗan akuya ya kai iyalinsa kallo, abin da yake fata shi ne yaron ya girma yana cewa babana ya taɓa kai ni na ga zaki. To, ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ba ta riƙe irin wannan ajiya. Kowane baligi da ke saurarona ya gwada kansa yanzu, ya nemi abu mafi daɗewa da yake iya tunawa. Mafi yawan mutane, a ƙasashe daban-daban da aka yi wannan tambaya, ba sa wuce shekara uku zuwa uku da rabi, abin da suke samu daga nan zuwa shekara shida kuwa gutsattsari ne, kamar wanda ya leƙa ɗaki ta kafar asabari. Wasu masana halayyar yara biyu a Jami'ar Emory ta Amurka, Patricia Bauer da Marina Larkina, sun bi diddigin lamarin, suka fitar da sakamakonsu a 2014. Sun naɗi hirar yara 83 masu shekara uku tare da iyayensu a kan abubuwan da suka faru da su, cikinsu har da zuwa gidan namun daji, sannan suka sake tambayar yaran bayan shekaru. Waɗanda aka tambaya suna da shekara biyar zuwa bakwai sun tuna kashi 63 zuwa 72 cikin ɗari. Waɗanda aka tambaya suna da takwas da tara kuwa, abin da ya rage musu kusan kashi 35 ne kawai. Abin lura a nan shi ne, yaro ɗan shekara uku yana tuna tafiyar, har ya yi ta ba da labarinta wata da watanni, iyaye su ɗauka ta zauna ke nan. Daga baya ne take zubewa, lokacin da babu wanda ke lura. Abin da ya faru da yaro yana ɗan shida ko bakwai shi ya fi samun wurin zama, domin a lokacin harshensa ya nuna, ya san jiya da bara, yana iya jera labari daga tashi gida har dawowa.

Wani zai ce ai yanzu akwai waya, an ɗauki hoto, an ɗauki bidiyo, idan ya girma sai a nuna masa. Hoto yana da amfani, amma abin da yake tabbatarwa shi ne an je. Yaron da aka nuna wa kansa a goye a gaban kejin kura yana kallon wani jariri ne da aka ce masa shi ne. Ƙarar kukan kurar, da warin wurin, da yadda ya damƙe hannun mahaifinsa, babu ɗaya da waya ke maido masa. Wancan binciken ya nuna wani abin da ya fi hoto ƙarfi, kuma ba ya cin ko dala. Yaran da iyayensu ke jan su da hira bayan an dawo, ana ce musu sai me ya faru, wa ka gani, me ya ba ka tsoro, sun fi riƙe abin da suka gani. Wannan sana'a ce da kakanninmu suka ƙware a kanta tun kafin a ƙirƙiro kyamara. Sai dai hira tana bukatar abokin hira, kuma ɗan shekara biyu bai zama abokin hira ba tukuna.

Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce ta uwar da za ta ce, to don ba zai tuna ba sai a hana shi jin daɗi? Ai nonon da ya sha ma ba zai tuna ba, kuma shi ya gina shi. Gaskiyarki, uwargida, kuma babu mai ja da ke a kan cewa wasa da gani da ji suna gina ƙwaƙwalwar yaro tun yana goye. Amma ki duba abin da ke faranta wa ɗan shekara biyu rai. Ɗan akuya ya yi tsalle, ya ƙyalƙyale da dariya. Amalanke ta wuce, ya bi ta da ido har ta ɓace. Duniyar tsakar gida ma sabuwa ce a gare shi, bai gama cinye ta ba. Kai shi inda injin ke ruri, lasifika na tsage kunne, wani ƙato ya rufe fuska da kan zomo na roba yana miƙo masa hannu, sau da yawa abin da ke biyo baya ihu ne da ƙanƙame wuyan uwa, domin a wannan shekaru yaro bai gama raba abin wasa da abin gaske ba. Mu kuma mutanen Madarunfa Allah Ya ba mu abin da wasu ke biyan kuɗi su zo gani. Tafkinmu, da gandun dajin da ke kusa da shi, da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, tun 2006 Nijar ta sa su cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gadon duniya, a 2019 kuma tafkin ya shiga jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Ɗan shekara uku da aka riƙe wa hannu da sanyin la'asar ya ga masunta suna fito da koma, ya ga balbelu sun tashi gaba ɗaya, ya sami rabonsa na mamaki cif, kuma ana kiran magariba yana gida. Na ce aka riƙe wa hannu, kuma da gangan na faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nuna cewa ƙananan yara ƴan ƙasa da shekara biyar su ne kan gaba wajen mutuwa a ruwa, ga kuma tsargiya da ke kama mai wanka a ruwan da ke kwance. Bakin tafki wurin kallo ne ga ƙaramin yaro, daga tudu.

Sai maganar jiki, wadda a ƙasarmu ta fi ta ƙwaƙwalwa gaggawa. Tafiyar kallo a wurinmu tafiyar Sallah ce, Sallah kuma tana bin wata, tana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka kowace shekara. Ƙaramar Sallah ta 2024 ta faɗo cikin Afirilu, a daidai makonnin da zafi ya gallabi Sahel har ma'auni ya nuna digiri 48.5 a garin Kayes na Mali. Ita dai tana tafiya wajen sanyi, amma Layya ce ke shigowa tsakiyar bazara: ta 2026 a ƙarshen Mayu, ta 2027 a tsakiyarsa, ta 2028 a farkonsa, daga nan sai Afirilu. Watannin nan ne ma'auni ke haura digiri 40 a jihar Maraɗi kusan kullum. Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi da saurin bushewa, kuma abin da ya fi muni, ba ya iya cewa ƙishirwa nake ji ko kaina na juyawa. Kuka kawai yake yi, a ce rigima ce, a ƙara matse shi da zani a baya. Ku haɗa wannan da kujerar mota da aka cusa mutum huɗu a mazaunin uku, tafiyar fiye da kilomita 600 daga Maraɗi zuwa Yamai, da ruwan leda da abincin bakin hanya, ku ga irin kasadar da ake yi da yaron da ko yaye bai daɗe da yi ba. Rani kuma shi ne lokacin sanƙarau da ƙyanda, cututtukan da ke son cunkoso. Yaron da bai kammala alluransa na rigakafi ba, ta wata tara da wadda ke biyo ta a shekara ta biyu, ba shi da abin nema a cikin taron dubban mutane.

Taron kansa ma abin tsoro ne. Ranar 18 ga Disamba 2024, a unguwar Bashorun ta birnin Ibadan, an shirya wa yara bikin wasa da rabon kyauta a harabar wata makaranta. Jama'a suka yi yawa, aka yi turmutsutsu a ƙofa, yara 35 suka rasu. Allah Ya ji ƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Ban kawo wannan don in ce ɗan shekara bakwai ya fi ƙarfin turmutsutsu ba, domin ko babba bai fi ƙarfinsa ba, kuma darasin farko a nan shi ne duk inda aka ce kyauta ce kuma ƙofa ɗaya ce, mai yara ya tsaya nesa. Na kawo shi ne don mu tuna cewa wurin da aka yi domin yara ba lallai ne ya zama wurin da yara ke da aminci ba. Abin da ya fi faruwa kullum, wanda ba ya shiga labarai, shi ne ɓata. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai sanarwa a filin idi ko filin kokowa ya san yadda ake ɗaga yaro sama ana cigiyar iyayensa, ana tambayarsa sunansa yana kuka, ana tambayarsa sunan babansa yana cewa Baba. Ɗan shida ko bakwai kuwa, idan an koya masa, zai faɗi sunansa da na mahaifinsa da na garinsu, zai iya haddace lambar waya, kuma idan aka ce masa in ka rasa mu ka tsaya a gindin wancan icce kada ka bi kowa, zai tsaya. Malamanmu na fiƙihu suna da suna ga wannan mataki, suna kiransa tamyizi, wato lokacin da yaro ke fahimtar magana ya mayar da amsa daidai, kuma shekara bakwai ce aka umarci iyaye su fara sa yaro salla. A wajen shekarun nan ne kuma lakwal, wato makarantar boko, ke karɓar yaro ajin farko. Addini da makaranta da binciken masana, kowa ta hanyarsa, sun zo sun tsaya kusan wuri guda, kuma ina ganin wannan haɗuwa ta isa a yi mata kunne.

Duk da haka lissafin shekara kaɗai ba ya wadatarwa, kuma manyan wuraren wasa na duniya sun daɗe da gane haka. A Disneyland, wadda aka fara buɗewa a Kaliforniya a 1955, da ƴar'uwarta ta kusa da Paris da aka buɗe a 1992, ba shekarun yaro kaɗai ake dubawa a bakin injuna masu gudu ba. Sanda ce a kafe, a auna tsayinsa. Wani injin yana neman santimita 102, wani 120, domin ƙarfen da ke riƙe mutum a kujera an ƙera shi ne daidai wani girman jiki, wanda bai cika shi ba yana iya sulluɓewa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin yaro ɗan shekara biyar yana da tsayin santimita 110, ɗan bakwai kuma ya ɗan haura 120. Mu kuwa a jihar Maraɗi, binciken abinci mai gina jiki da ake yi a ƙasa ya sha nuna cewa fiye da rabin yaranmu ƴan ƙasa da shekara biyar tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Magana ce mai ɗaci, amma tana da amfani a nan. Yaronka yana iya cika shekara bakwai a takarda jikinsa na ɗan biyar. Kuma a wuraren wasan da ake kafawa na kwana uku saboda Sallah, da wuya ka tarar da sandar awo, mai injin kuɗinsa yake karɓa ya ɗora duk wanda aka miƙo. Saboda haka awon ya dawo hannun uba. Idan ka zaunar da yaro ka ga ƙarfen bai matse cinyarsa ba, ko ƙafarsa na reto ba ta taka komai, sauke shi, ko da ya yi kuka, ko da an riga an biya.

Yanzu ga hujjar da ta fi damuna, kuma ita ce dalilin rabi na biyu na maganata. Mai hankali zai ce, malam, kana maganar jira kamar jira ba shi da farashi. A ƙauyukanmu yarinya ƴar shekara bakwai an riga an ɗora mata farantin talla, ko an goya mata ƙane. Yaro ɗan bakwai yana bayan awaki, ko an haɗa shi da malam an tafi gabas. Wanda aka ce ya jira ya girma, sau da yawa girman ne ke zuwa ya cinye tafiyar. Wannan gaskiya ce, kuma ba ni da amsar da za ta share ta. Abin da zan ce shi ne, ita wannan hujja tana tuhumar jinkirin da ba shi da rana, wato in Allah Ya kai mu baɗi da ake maimaitawa har yarinya ta kai aure. Maganinsa a sa rana. A ce wa yaro shekarar da ka shiga lakwal, bayan an kai amfanin gona gida, za mu je. Alkawarin kansa wani ɓangare ne na tafiyar, domin ɗan shekara shida yana iya ƙirga watanni yana tambayar yayyensa yaya giwa take, kuma wannan ɗokin ɗan shekara biyu ba shi da shi. Ina kuma roƙon iyaye maza musamman, idan ranar ta zo kada a zaɓi maza a bar mata a gida da wanke-wanke. Yarinyar da aka bari ita ma tana cikin shekarun da ba a mantuwa, kuma abin da za ta riƙe shi ne an tafi an bar ta.

Masu cewa wannan duk zancen masu kuɗi ne, ina ganin sun juya lissafin. Mai hali yana iya kai ɗansa yana ɗan biyu, ya sake kai shi yana ɗan biyar, ya sake yana ɗan goma, in ta farko ta zube ta uku ta zauna. Talaka sau ɗaya yake da ita, wataƙila a duk ƙuruciyar yaron. Wanda ke da harsashi ɗaya shi ya fi kowa bukatar saiti.

Akwai kuma matsalar gida mai yara da yawa, wadda ita ce ainihin abin da ke sa a kwashi ƙanana. Uwa ba ta da inda za ta bar na goye, ko kuma a gidan da ke da ɗaki biyu ana tsoron a ce an ɗauki ƴaƴan wannan an bar na waccan. A nan ma ƙa'idar shekara taimako ce ga maigida, domin ba ta san ɗakin kowa ba. Duk wanda ya kai, ya shiga mota, wanda bai kai ba ya jira shekararsa, kuma kowa ya ga adalcin abin da idonsa. Na ƙasa su wuni wurin kaka ko gwaggo, a yo musu tsaraba. Idan kuwa dole ce ta sa a tafi da ƙarami, to a san cewa rakiya ya yi, a nema masa inuwa da ruwa mai tsabta, a kuma ware babba guda wanda ba shi da wani aiki sai shi. Abin da ba zan taɓa goyon baya ba shi ne al'adar nan ta yawon Sallah da ake haɗa ƴar shekara tara da ƙannenta uku a tura su gari su kaɗai, a kan kabu-kabu ko a ƙafa. Ita kanta yarinya ce mai son kallo, idonta na kan lilo, kuma an ɗora mata amanar da babba ma sai ya yi da gaske.

Game da lokaci, sanyi ya fi, daga Disamba zuwa Janairu, sa'ad da rumbu ke cike, lakwal ke hutun ƙarshen shekara, rana kuma ba ta dukan kai. A fita da sassafe a dawo da rana tsaka ko a kwana can, domin kowa a wannan gunduma ya san halin da hanyoyin kusa da iyaka suke ciki idan duhu ya yi. A je ranar da ba ta cika ba, ko da kwana huɗu bayan Sallah ne, dabbobin suna nan ba su tafi ko'ina ba. Wanda ya sami ikon kaiwa Yamai kuma, gidan tarihin Bubu Hama, da aka kafa a 1959, ya fi lilo abin ba ɗan shekara bakwai. Zai ga zaki da dorina da kura a raye. Zai ga gangar jikin iccen nan na Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada har mota ta kaɓe shi a 1973. Zai tsaya a gaban ƙasusuwan wani ƙaton kada, wanda aka tono a Gadufawa cikin jihar Agadas, inda yau babu komai sai rairayi. Ɗan shekara biyu zai wuce wannan kada yana tsotsar yatsa. Ɗan bakwai zai ja rigar babansa ya ce, Baba, me kada yake yi a hamada, ina ruwan ya tafi? Uban ya shirya amsa tun daga gida, ko ya nemi ma'aikacin wurin ya yi musu bayani su biyu, domin tambayar za ta biyo su cikin mota har Madarunfa, kuma da sun iso bakin tafki yaron zai sake yin ta.